Hannun Ɗan Marini

"Ƙasa! Kowa ya kwanta ƙasa!"

Ƙofar baya ta daki bango. Mutum biyu suka faɗo tsakar gidan rini, fuska naɗe da rawani, ido kawai ake gani. Na gaba dogo ne, riƙe da bindiga, hannuwansa cikin safar roba. Na bayansa gajere, hannu wayam, sai waige-waige yake kamar shi aka zo yi wa fashin.

Babu ma wani "kowa" a gidan. Lokacin fatur ne, wato kalacin hantsi, 'yan matan da ke ɗinki duk sun fita bakin titi cin ful, dafaffen wake. Saura Mawahib, mai wurin, tsaye gaban tebur tana ɗaukar hoto da waya, sai mahaifinta Baba Jibirin a bakin gangar rini yana tsane hannu.

A kan teburin ga abin da ya kawo su. Zinariyar wata amarya ce mai suna Suhaila: awarwaro, sarƙoƙi, da wani faffaɗan abin wuya da aka gada tun daga kakar kaka. Uwar amaryar ce ta kawo da safe a matsayin amana, don a gwada launin tob, wato lafayar biki, da ainihin zinariyar da za a sa a kansa.

Dogon ya nufi tebur. Ƙafarsa ta faɗa makwararar ruwan rini da ta ratsa tsakar gidan, ya yi taga-taga, ya ɗura mata ashar. Duk baƙon da ya shigo gidan nan sai makwararar ta kama shi. Gajeren kuwa ya tsallake ta ko kallon ƙasa bai yi ba.

Baba Jibirin ya gani.

Dogon ya fizgi Mawahib, ya hankaɗa ta ɗakin ajiya, ya ja ƙofar ƙarfe ya danna sakata. An ɗauke wuta tun safe, janareton maƙwabta na ta ruri. Tana dukan ƙofa, ba mai jin ta, ita ma ba ta jin kowa.

"Kwashe, ya zol! Me kake jira?" dogon ya daka wa gajeren tsawa.

Gajeren ya waiga dama, ya waiga hagu. Babu jaka. Sun baro ta a mota. Ka ji 'yan fashi. Sai ya fizgo tob ɗin da ke shanye a igiya yana ɗiga, jikinsa shunayya, bakinsa kore. Ya shimfiɗa, ya share duk abin da ke kan tebur ya zuba ciki, har da kwanon garin ado mai ruwan zinariya da ake buga fure da shi. Garin ya tashi ya baɗe komai. Ya tattaro bakin tob ɗin ya murɗe da hannu biyu.

"Haisam."

Tsohon bai ɗaga murya ba. Yadda yake kiran sunan nan in za a ci abinci, haka ya kira shi.

"Ajiye wannan, ɗana. Ba a ɗauraye shi ba. Zai ɓata maka hannu."

Dogon ya dubi tsoho, ya dubi abokinsa.

"Ya gane ka?"

"Muntasir, a'a, tsaya—"

Tau!

Baba Jibirin ya jingina da ganga, gangar ta kife tare da shi. Ruwan rini ya malale ya bi makwarara, da abin da ya gauraya da shi.

* * *

Wanda bai san gidan ba zai ce wannan wace irin masifa ce. Mutanen unguwar Abbasiyya da ke Umdurman, a ƙasar Sudan, kuwa sun daɗe suna jin warinta daga nesa.

Kakannin Baba Jibirin da ƙafa suka taso daga yamma za su hajji, suka tsaya tsintar auduga a Jazira, daga nan ba su ƙara gaba ba. Shi ya shigo birni da sana'ar rini, ya tsufa a kanta har launin ya zauna a fatarsa. Ko ranar Idi hannunsa shunayya ne. 'Yarsa Mawahib ta karanta zane a jami'a, ta dawo ta buɗe shago a gidan, ta sa masa sunan kakarta, Dar Barakatu. Launi uku ta zaɓa, su ne a allon ƙofa, su ne a jakar da ake sa wa mai saye kaya, su ne a jikin kowane tob: shunayya, kore, da ruwan zinariya. Ƙawayenta suka ce ukun nan ba sa zama inuwa ɗaya, kaya za su fito kamar rumfar biki. Tsohon ne ya raba gardama.

"Shunayya ce tuwo, kore miya, zinariya gishiri," in ji shi. "Gishiri in ya yi yawa an ɓata girki."

Da wannan awo ta yi suna. A shekarar da ta gabaci yaƙi, in mace ta shiga biki da tob ɗin Dar Barakatu, tun daga bakin ƙofa ake gane shi.

Sai Haisam, ƙaninta, namiji tilo. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tun yana makaranta yake ce wa abokai ubansa tajiri ne a kasuwar Libiya, babbar kasuwar Umdurman. Da ya girma sai ya daina cin abinci a faranti ɗaya da tsohon, wai ba zai iya kallon wannan hannun yana shiga miya ba. Nasa hannun kullum cikin mai, farce a goge, ga zobe. Bai taɓa tsoma ko ɗan yatsa a ganga ba, kuma da bakinsa yake alfahari da haka a gaban kowa. Ni dai ban taɓa ganin lalaci mai tsaftar hannu irinsa ba.

Shi ya ji yayarsa tana zancen zinariyar Suhaila. Shi kuma ya ɗauki zancen ya ƙetare kogi da shi har kasuwar Suk al-Shabi, ƙarƙashin bishiyar wata mai shayi, inda Muntasir ke zama.

Muntasir ɗan unguwar Sahafa ne. Da fizgen waya a kan babur ya fara, irin yaran da ake kira tis'a tawila, har ya samu bindiga ya ga fizge ya yi masa kaɗan. Kusa da shi Wa'il, direban amjad, ƙaramar motar hayar nan, wanda ba ya da ra'ayi sai abin da Muntasir ya faɗa.

"Dahab na gaske, ko na haya irin na amaren yanzu?" in ji Muntasir, yana nufin zinariyar.

"Na gaske, wallahi. Na gado."

"Wa ke gidan?"

"Lokacin fatur ba kowa. Yayata da tsoho. Ƙofar baya sakatarta ta lalace, kafaɗa ɗaya ta isa." Ya kurɓi shayi. "Amma ba jini, ya Muntasir. Tsohon nan ubana ne."

"Jinin me? Bindigar ado ce, ya zol. Mu shiga, mu fita, kalas. Kai kuma sai Alkahira, ka huta da warin rini."

Haisam ya yi dariya har da tafawa. Sai da ɗan gari akan ci gari, an sani. Amma ɗan garin da zai nuna ƙofar ɗakin ubansa, wannan sai a nemi tsari.

* * *

Amjad ta fizga daga lungu, ta kusa kwashe wata mai tallan gyaɗa. Wa'il ya taka mai.

"Na ji harbi. Wa aka harba?"

"Tuƙa."

"Ka ce ba—"

"Na ce tuƙa!"

Suka hau gadar Fitihab cikin cunkoso. Rana ta take, motar kamar tanda. Haisam na kujerar baya, ya rungume ƙunshin a cinya da hannu biyu, gumi na tsiyaya, ya ƙanƙame shi kamar za a ƙwace. Bai yi kuka ba.

Suka yanki kudancin Khartum suka ɓulle Soba, wani kangon gini a bakin gonaki. Muntasir ya karɓi ƙunshin da safarsa, ya juye zinariyar a leda, ya cusa tob ɗin cikin tulin bulo. Ya cire safa ya jefar. Hannunsa fes.

Sannan ya dubi na Haisam, ya fashe da dariya.

Tafin dama shunayya ne har wuyan hannu. Na hagu, wanda ya riƙe bakin tob, kore shar. Garin ado ya shige kowane layi na tafin, ya shige ƙarƙashin farce, yana ƙyalli.

"Mabruk, ango. Wa ya sa maka lalle?"

"Ka kashe min uba."

"Ni na ce ya kira sunanka? Saurara. Koma gida yanzu. Ka wanke hannu, ka yi kuka, ka yi birgima. Ɗa tilo in ba a gan shi wurin makoki ba, an gama bincike. Dahab sai an narka shi tukuna. Bayan bika, in an tashi daga makoki, ka zo ka karɓi rabonka."

Ko motar komawa ba su ba shi ba. A ƙafa ya taka har bakin titi, hannu cikin aljihun jallabiya.

* * *

A Abbasiyya 'yan matan ɗinki ne suka dawo suka buɗe wa Mawahib. Kafin 'yan sanda su iso unguwa ta cika gidan, an tattake duk wata shaida. Mulazim Sharafaddeen, jami'in 'yan sanda, wani siriri mai jajayen ido saboda rashin barci, ya tsaya yana kallon tsakar gida ya rasa ta inda zai fara. Fashi ya yi yawa a garin har ya fara gundurarsa. Amma tsoho kwance cikin ruwan sana'arsa, wannan ya tsaya masa a wuya.

"Kin ga fuska?"

"A'a, janabu."

"Murya?"

"Dogon kawai ya yi magana a gabana. Ban san shi ba."

"Wa ya san zinariyar tana nan yau?"

"Mu, da gidan amarya." Ta share hanci da bakin mayafi. Idonta ya kai kan igiya. "Sun ɗauki tob ɗin Suhaila."

"Tob kuma? Yana da tsada?"

"Ɗanye ne. Yanzu Baba ya tsamo shi, ko ɗauraya ta farko bai sha ba. Duk wanda ya riƙe shi da hannu, launin zai kwana biyu a jikinsa. Sabulu ba ya fitar da shi, sai fata ta saɓule da kanta."

Sharafaddeen ya dubi ƙofar baya, ya dubi sakatar da ta daɗe da lalacewa. Wanda ya san da ita ba daga nesa yake ba. Kuma na kusa dole ya zo gaisuwa. A garin nan ba a gaisuwar mutuwa da hannu a aljihu. Sai ka tsaya gaban mai rashi, ka ɗaga tafi biyu a buɗe ka ce Fatiha, shi ma ya ɗaga nasa.

"Kada ki faɗa wa kowa zancen tob ɗin nan," ya ce. "Gobe zan zauna a rumfa."

* * *

Haisam ya shigo unguwa da yamma yana ihu, ya faɗi a ƙofar gida, aka ɗauke shi ranga-ranga. Hannuwansa naɗe cikin shal, farin mayafin kafaɗa. Aka ce a bar shi ya kaɗaita. Ya kulle kansa a banɗaki.

Ya sa sabulu. Ya sa lemon tsami da toka. Ya sa fetur. Ya sa ruwan wankin farin kaya har fata ta yi zafi ta fara tsagewa, ya goge da dutsen ƙafa. Launin ya ɗan dusashe a bayan hannu, amma a tafi sai ƙara zama ya yi, ya bi tsagar fata ya shige. Da ya taɓa tsayawa bakin ganga ko sau ɗaya a rayuwarsa, da ya san ba a yi wa ɗanyen rini haka.

Washegari da hantsi aka sallamo gawa daga asibiti. Aka ce ɗa ya zo ya kama wanka. Ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. A maƙabarta aka ce ɗa ya shiga kabari ya karɓi ubansa. Sai ya sulale ƙasa wai ya suma, mutane na yi masa fifita suna tausaya masa. Maƙwabci ne ya shiga ya kwantar da Baba Jibirin. Tir da wannan suma.

Aka dawo rumfar bika da aka kafa a titi. Haisam ya tsaya a bakin shiga cikin dattawa, jama'a suna zuwa layi-layi.

"Al-Fatiha."

Ya ɗaga hannu a ƙarƙashin shal, kai a sunkuye, kafaɗa na rawa. Maraya ne, a yi masa uzuri.

Sharafaddeen na can kujerar gefe cikin farar jallabiya, da kofin shayi, yana bin tafin duk mai shigowa da ido. Na makanike, na mai gawayi, na malamin makaranta. Marina abokan mamaci suka zo da hannuwansu masu tsohon launi, ya duba ya kawar da kai. Har azahar bai ga abin da yake nema ba. Baƙi yake ta dubawa. Bai daɗe da fara mamakin shal ɗin nan da ba ya sauka duk zafin rana ba, sai aka aiko daga cikin gida: Haisam ya shigo, yayarsa na jira su yi Fatiha.

Sharafaddeen ya tashi ya bi bayansa, ya tsaya a bakin zaure.

Tsakar gida cike da mata a kan tabarmi. An wanke ƙasa, amma shatin ruwan rini na nan a gefen makwarara. Mawahib ta miƙe cikin farin tob marar ado, idonta a kumbure. Ta tsaya gaban ƙaninta ta ɗaga tafinta.

"Fatihar Baba, Haisam."

Ya ɗaga nasa a lulluɓe.

Gwaggo Talatu, ƙanwar mamacin, tsohuwar da ba ta taɓa tauna magana ba, tana zaune dab da su.

"Kai, wane irin sakarci ne wannan? Wa ke yi wa ubansa Fatiha a rufe? Allah kake ɓoye wa hannu?"

Ta sa hannu ta fizge shal ɗin.

Tafi biyu a buɗe a tsakiyar rana, ɗaya shunayya, ɗaya kore, duk sun tsattsage, garin zinariya na ƙyalli a cikin tsagar.

Wata daga baya ta ce, "Allah sarki, ashe ya fara taya tsohon aiki."

"Wa?" in ji Gwaggo Talatu. "Wannan?"

Mawahib ta matso. Ta kamo hannun dama ta juya shi, ta kamo na hagu, kamar yadda take duba kaya kafin a sa a jaka. Wannan shunayyar ita ta haɗa ta jiya da safe, don Suhaila kaɗai, babu irinta a ko'ina.

"Dogon ne ya tura ni ɗaki," ta ce a hankali. "Ko kai ne ka tsaya kana kallo?"

"Mawahib, wallahi ba ni na harba ba. An ce min ba jini. Muntasir ne, ni ƙofa kawai—"

"Ya gane ka?"

Ya kawar da fuska.

"Na ce Baba ya gane ka?"

"Ya gane ni."

"Me ya ce?"

Ya dubi tafinsa.

"Ya ce in ajiye. Wai zai ɓata min hannu."

Ta saki hannun. Ta goge nata a jikin tob ɗinta, ta sake gogewa. Sannan ta juya wajen zaure.

"Janabu, shigo ka fitar min da wannan daga gidan ubana."

* * *

Tun kafin a kai shi mota ya fara zuba. Kango a Soba, bishiyar mai shayi, lambar amjad, har abin da ba a tambaye shi ba.

A kangon suka tarar da Wa'il kwance rub da ciki, ƙudaje sun riga su. Ya nemi a ba shi nasa kafin a narka, Muntasir ya ba shi a ƙeya. Tob ɗin na nan cikin bulo, ya bushe ya ƙandare.

Muntasir kuwa bai taɓa niyyar jiran bika ba. A Suk al-Shabi suka cim masa, ƙafa ɗaya a matakalar motar Gadarif.

"Tsaya nan!"

Ya waiga. Ya kai hannu ƙugu. Fasinjoji suka watse, tiren mai shayi ya kife—

Tau! Tau!

Ya zame daga matakala ya zauna cikin ƙura, kamar wanda ya gaji. Bai ƙara tashi ba.

A jakarsa aka samu zinariyar. Ba awarwaro, ba sarƙa, ba abin wuyan kakar kaka. Wani dunƙule ne mummuna kamar curin daddawa. Shi aka miƙa wa uwar Suhaila, ta karɓa ta yi ta juya shi tana neman inda za ta gane, ba ta samu ba. Ba ta yi wa Mawahib faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

Ga abin da aka samu ke nan. Tsoho a kabari, biyu a ɗakin gawa ba mai zuwa nema, gadon gidan mutane ya zama curi. Dar Barakatu ta daɗe a rufe. Da aka buɗe, Mawahib da kanta ta naɗe hannun riga ta tsaya bakin ganga, don ba ta yarda wani ya tsaya a wurin ba.

Gwaggo Talatu ce kaɗai ta je ganin Haisam kafin a shiga kotu, ita ma ba don tausayi ba. Ta tarar da shi zaune a gefe shi kaɗai. An kawo wa 'yan ɗakin ful a faranti ɗaya, ɓarayi da 'yan sara-suka sun kewaye suna ci. Labarinsa ya riga shi shiga. Da ya miƙo hannu, babban cikinsu ya ja farantin baya.

"Ba da wannan hannun ba," ya ce.